Zaren hagu a cikin cibiyar atam: yadda muka auna shi a kan tebur a Kumasi

Duk wanda ya taɓa kwance fedar hagu ta keke ya san zarenta a juye yake: inda ka saba murɗa sukuru ya ɗaure, ita nan take kwancewa. Masu walda a Magazin ɗin Suwame, unguwar makanikai ta Kumasi, sun san irin wannan zare a bakin tukunyar gas ɗin asetilin. Amma wannan mutum ne ya zaɓa, da ya ga dama da ya yanka zaren ta ɗaya hannun. Abin da muka auna a wani ɗakin gwaji na jami'a a nan Kumasi zaren hagu ne da ba hannun mutum ya yanka ba. Elektron ɗin da ke fitowa daga cibiyar atam lokacin rikiɗar beta yana tafe yana juyi kamar katantanwa, kuma mafi yawansu juyin bahago suke yi, irin na sukurun da sai an murɗa shi hagu yake shiga.

Rikiɗar beta ita ce niyutron ɗaya a cikin cibiya ya rikiɗe ya zama furoton, ya tofar da elektron da wani ɗan abu marar caji da ake kira antiniyutirino. Rarraunan ƙarfi ne ke haddasa wannan, ɗaya daga cikin nau'o'in ƙarfi huɗu da aka sani a halitta. Har zuwa 1956 masana sun ɗauka cewa duk abin da ya faru a gaban madubi, hotonsa na cikin madubin ma zai iya faruwa daidai wa daida. A shekarar ne Tsung-Dao Lee da Chen-Ning Yang suka nuna cewa babu wanda ya taɓa gwada wannan zato a kan rarraunan ƙarfi. Chien-Shiung Wu ta Jami'ar Kolombiya da ke New York, tare da masu aikin sanyi na hukumar awo ta Amurka a Washinton, ta sanyaya kobalt-60 zuwa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na digiri sama da ƙarshen sanyi, ta jera juyin cibiyoyinsa da maganaɗisu, sai ta ga elektron sun fi fita ta bayan alkiblar juyin. An buga sakamakon a farkon 1957.

Hanyar Wu ba tamu ba ce, domin tana bukatar ruwan hiliyam da kayan sanyi da ba mu da su. Mun bi shigen ta Goldhaber da Grodzins da Sunyar, waɗanda suka yi nasu a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka a 1957 ɗin, ba sanyi ba komai. Dabarar hawa uku ce. Elektron bahago ya daki dalma ya tsaya da ƙarfi, sai ya fitar da foton, wato ƙwayar haske, abin da Jamusawa suka raɗa wa suna hasken birki. Foton ɗin yana gadon hannun juyin elektron ɗin, musamman in ya kwashi kaso mai yawa na kuzarinsa. Daga nan foton ya faɗa kan ƙarfen da aka cika da maganaɗisu ya yi karo da elektron ɗin ƙarfen, karo irin na Compton, ya karkace ya shiga na'urar ƙirga. Yawan karon ya danganta ga ko juyin foton da na elektron ɗin ƙarfe sun fuskanci wuri ɗaya ko sun saɓa. In sun saɓa, karon ya fi yawa. Aikinmu kawai mu juya maganaɗisun mu ga ko ƙirge ya canza.

Ga dalilin da ya sa wannan gwajin madubi ne. Ka kafa madubi a tsaye tare da tsawon na'urar. Tushen beta, dalma, bututun ƙarfe, duk suna nan yadda suke a hoton. Abu ɗaya ne ya sauya, wato wutar da ke zagaya koyil, naɗin wayar da ke ba ƙarfen maganaɗisu, ta koma zagayawa ta ɗaya hannun. Ke nan danna makunnin juya wuta daidai yake da leƙa madubi. In halitta ba ta bambanta hagu da dama, dole ƙirgen biyu su zo ɗaya.

Kafin a taɓa kowane ƙarfe sai an gama da takarda. A Gana ba a ajiye tushen radiyeshan sai da izinin Hukumar Sa Ido kan Nukiliya da aka kafa da doka ta 895 ta 2015, kuma kowane mai shiga ɗakin yana rataye da ɗan bajo mai auna abin da jikinsa ya sha, irin wanda ake karantawa a Kwabenya da ke Ankara, babban birnin Gana. Tushenmu sitironshiyam-90 ne a rufe cikin kwanson ƙarfe mai siririyar taga, ƙarfin radiyeshan ɗinsa megabekerel 37, wato milikuri ɗaya. Ƙananan tushe na aji masu kilobekerel 37 ba za su yi ba, sun gaza sau dubu, kuma awon kwana ɗaya zai koma na shekaru. Sitironshiyam ɗin yana raguwa da rabi a shekara 29 ko kusa da haka, kuzarin elektron ɗinsa ba ya wuce MeV 0.546 (MeV ma'aunin kuzarin irin waɗannan ƙananan abubuwa ne). Wanda muke so ɗansa ne, wato abin da yake rikiɗewa ya zama, itiriyam-90, mai raguwa da rabi a awa 64, wanda elektron ɗinsa ke kaiwa MeV 2.28. Tunda uban yana haifarsa kullum, ba ya ƙarewa. Amfanin wannan kuzari shi ne kason bahagwai yana bin gudun elektron in an gwada shi da gudun haske: a MeV 0.1 fifikon hagu 0.55 ne, a MeV 1 ya kai 0.94, a MeV 2 kuwa 0.98. Ga kuma wata falala, kusan ba ya fitar da gamma nasa, wato foton mai ƙarfi daga cikin cibiya, da zai rikita ƙirge. Ba a ɗaukarsa da hannu, sai da dogon hantsaki, a bayan fasfeks, robar nan mai kama da gilashi, mai kaurin santimita ɗaya, da tabarau, domin beta mai wannan ƙarfi tana ƙona fata da ido.

A nan mun yi abin da ake hana ɗalibai. Ƙa'idar kariya ita ce kada a tare beta da dalma kai tsaye, saboda hasken birki. Lissafin da masu kariya ke amfani da shi ya nuna dalma tana mayar da wajen kashi 6 cikin 100 na kuzarin wannan beta zuwa foton, fasfeks kuwa rabin kashi ɗaya. Mu hasken muke nema, don haka muka manna faifan dalma mai kaurin milimita 1.5 a bakin tagar tushen, sannan muka kewaye bayansa da gefensa da bulon dalma mai santimita 5. Kaurin nan ya isa ya tsayar da elektron ɗin duka. Ƙara shi ba ya ƙara haske, cinye wanda aka samu yake yi.

Ƙarfen ne ya fi cin lokaci. Bututu ne na ƙarfe mai laushi, mai ƙarancin kabon, tsawonsa santimita 16, faɗin raminsa 12, kaurin bangonsa 1. A bayansa aka naɗa koyil, sannan aka rufe da wani bututun mafi girma da zobba biyu a baki da baki, don maganaɗisun ya sami hanyar komawa ta cikin ƙarfe maimakon ya watsu a iska. Sharaɗi shi ne naman bututun waje da na zobban ya fi na ciki yawa, domin na ciki ya riga su ƙoshi. A Magazin aka fere mana su. Wanda zai je can ya faɗa wa Masta ainihin abin da yake so, don in ka ce ƙarfe mai kyau za a ɗauko maka na akasil ɗin mota, mai tauri, wanda shi ne mai kyau a wurin mai gyaran mota. Irin wannan yana wuyar ɗaukar maganaɗisu kuma yana wuyar sakinsa. Ƙarfe marar tsatsa irin na tukwane ya fi muni, yawancinsa maganaɗisu ba ya kama shi sam. Bayan ferewa mun sa an gasa bututun ciki har ya yi jawur, wajen digiri 850, aka bar shi ya huce a hankali cikin toka har kwana, saboda ferewa tana taurara fatar ƙarfe, kuma a fatar nan yawancin karon ke faruwa. Fuskokin da ke haɗuwa kuma sai sun zauna lif. Ratar da ba ta fi kaurin takarda biyu ba tana cin rabon koyil, kuma ta nan maganaɗisu ke tsiyaya.

Me ya sa santimita ɗaya? Foton mai MeV 1 yana tafiyar kusan santimita 2 a cikin ƙarfe kafin ya yi karo, wanda ya karkace kuma yana bukatar hanyar fita, shi kuwa tafiyarsa ba ta wuce ɗaya da rabi. Bango mai kauri sosai ba ya ƙara ƙirge, sai dai ya ƙara wahalar ƙosar da shi. Siriri kuma yana barin foton ya wuce ya yi karo a cikin jan ƙarfen koyil, inda babu elektron ɗin da aka jera, sai ya tsarma awon da ruwa.

Masu naɗin koyil na injin nika ne suka naɗa mana, zagaye 1000 na wayar jan ƙarfe mai milimita 1.25, hawa goma. Tsawon wayar ya kusa mita 500, turjiyarta kusan ohm 7. A amfiya 3 tana cin bolt 21, wato wat 63 na zafi. Kafin a naɗa babban koyil mun sa an zagaya bututun ciki da siririyar waya sau 10, aka fito da bakinta waje. Wannan ƙaramin koyil shi ne idonmu a cikin ƙarfen. Duk lokacin da aka juya wuta yana ba da ɗan bugu, in aka tara bugun a osiloskof aka raba da zagaye 10 da faɗin naman bango, santimita murabba'i 41, sannan aka raba biyu, sai a sami ƙarfin maganaɗisun. Bugun bolt-sakan 0.155 yana nufin tesla 1.9. Muhimmancin wannan lamba shi ne ƙarfe yana ƙoshi a wajen tesla 2.15, kuma ko a ƙoshe, cikin elektron 26 na kowane atam ɗinsa biyu ne kacal ke jeruwa, kashi 8 cikin 100. A tesla 1.9 kashi 7 ne. Sauran duk 'yan rakiya ne, suna yin karo amma ba ruwansu da hagu ko dama.

A tsakiyar ramin akwai toshiyar dalma mai siffar ƙwallon goriba da aka ja, tsawonta santimita 15, cikinta 7, bakinta na wajen tushe 2, na wajen na'urar ƙirga 4. Ita ke tare foton ɗin da zai miƙe kai tsaye ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. Dalma mai milimita 9 tana rage foton mai MeV 1 da rabi, don haka santimita 15 ta rage shi sau fiye da dubu ɗari. Narka dalma a waje ake yi, iska na kaɗawa, da takunkumi, ba kusa da abinci ba. Zubin farko ya fito da kyau a ido amma ya gaza a sikeli. Girman toshiyar santimita kubik 310 ne, dalma kuma giram 11.3 ce a kowane ɗaya, ke nan dole ta kai kilo 3.5. In ta gaza to akwai kogo a ciki, kuma kogon a tsakiya yake zama, daidai hanyar da ake son tarewa. Maganinsa a ɗumama mazubin tukuna, a zuba a tsaye a hankali, a riƙa ƙarawa a sama yayin da take shanyewa.

Na'urar ƙirga kiristal ne na sodiyam ayodaid mai inci 2, a santimita 23 daga tushe. Foton in ya shiga sai kiristal ya yi ɗan walƙiya, bututun ninka haske ya mayar da walƙiyar bugun lantarki, na'urar tantancewa ta jera bugun gwargwadon tsayinsa. Da wannan tazara foton yana karkacewa da digiri 55 zuwa 75, mafi yawa kusa da 60, kuma karon yana rage masa kuzari ta hanyar da aka sani. A digiri 60, mai MeV 0.66 yana fitowa da 0.40, mai MeV 1 da 0.51, mai MeV 2 da 0.68. Saboda haka tagarmu, wato iyakar kuzarin da muke ƙirgawa, daga 0.40 zuwa 0.70 take. Akwai jarabar a sauke dokin ƙofar, wato iyakar ƙasa ta tagar, don ƙirge ya yawaita, amma foton masu ƙaramin kuzari ba su gaji juyin sosai ba, yawancinsu daga elektron ɗin da ya riga ya yi ta kai-komo a cikin dalma suke. Mun daidaita sikelin kuzari da siziyam-137 mai keV 662, wato MeV 0.662, da sodiyam-22 mai 511 da 1275. Kiristal ɗin nan yana shan laima kamar gishiri. A daminar Kumasi, in gwangwaninsa ya tsage ko kaɗan, sai ya yi rawaya ya daina haske. Mahaɗin babbar wuta ma yana tsartuwa in ya yi gumi, ya haifar da bugun ƙarya. Jakar silika a cikin akwatin da gogewa da barasar goge waya sun isa.

Yanzu lissafin abin da za a sa rai da shi. Muna kiran bambanci da ragowar ƙirgen biyu a raba da jimlarsu. Ga foton mai MeV 1 a digiri 60, ɓangaren karo mai kula da juyi rabin wanda bai kula ba ne. Rabi sau kashi 7 cikin 100 ya ba da kashi 3.5, kuma wannan sai in kowane foton cikakken bahago ne, ba ƙirgen muhalli, ba karo a jan ƙarfe. Rufi ke nan. Na gaskiya yana ƙasa da haka. Kuskuren ƙidaya kuwa ɗaya ne a raba da saiwar jimlar ƙirge. Don a ga bambancin kashi 1 cikin 100 ya ninka kuskurensa sau goma, ana bukatar ƙirge miliyan ɗaya. A ce ana samun 20 a sakan, awa 14 ke nan na ƙirge zalla. In kuma 4 daga cikin 20 ɗin na muhalli ne, daga fotasiyam-40 na siminti da sauransu, sai a ninka sakamakon da 1.25. Ana auna na muhalli ne da tushen a cire, komai kuma yana inda yake.

Ba a yin awa 7 a hannu ɗaya sannan 7 a ɗayan. Ninkin bututun ninka haske yana tafiya da zafin ɗaki, 'yan kasoshi cikin dubu a kowane digiri, kuma tsakanin azahar da asuba a Kumasi ya isa ya binne abin da ake nema. Ƙaramar kwamfutar Arduino ce ke juya wutar ta rile biyu, wato makunnai masu aiki da lantarki: sakan 60 na ƙirge, a rufe ƙirge, a juya, a jira sakan 10, a buɗe. Jiran na da dalili biyu, maganaɗisu ba ya juyawa nan take a cikin ƙarfe mai kauri, kuma koyil yana harbin wuta in aka katse shi, harbin da ke shiga wayoyin ƙirge. Rilen farko bakinsa ya narke ya manne saboda wannan harbi. Sai da muka sa a sauke wutar zuwa sifili kafin a juya, muka kuma haɗa abin shanye harbi a bakin koyil. Jerin juyin gaba, baya, baya, gaba ne, ba gaba, baya, gaba, baya ba, domin a jerin farko duk wani zamewa da ke tafiya a miƙe yana soke kansa. Kowane rukuni na huɗu yana ba da ƙirge wajen 4800, kuskurensa kashi 1.4 cikin 100, wato shi kaɗai ba ya faɗin komai. Sai an tara fiye da 200, awa 16 in aka haɗa da jira. Na'urar sanyaya ɗaki mai kunna kanta tana kashewa ta fi rashinta ɓarna, mun kashe ta muka sa fanka a kan koyil, muka rufe kiristal da soso. Ana kunna komai awa biyu kafin a fara. In dumso, wato ɗaukewar wuta, ya zo, batir da inbata suna riƙe babbar wutar bututu da kwamfuta, amma koyil yana mutuwa, ya huce. Duk rukunin da yankewar ta taɓa da na awa ɗaya bayan dawowarta a shara suke, kuma mun rubuta wannan doka tun kafin mu ga sakamako, don kada mu zaɓi abin da ya yi mana daɗi.

Daren farko ya ba mu bambanci mai girma da kyau, har ya haura rufin da lissafi ya yanka. Abin da ya haura rufi ba na rarraunan ƙarfi ba ne, na maganaɗisunmu ne. A cikin bututun ninka haske elektron ne marasa kuzari ke tsalle daga faranti zuwa faranti, kuma ko maganaɗisun ƙasa, wanda a nan bai fi mikrotesla 30 da 'yan kai ba, yana karkatar da su. Ga shi mun ajiye bututun kusa da ƙarfe mai tesla 2, wanda ya ninka wancan sau dubu sittin da wani abu. Tsarin farantan ciki ba daidai yake da hotonsa na madubi ba, don haka tsiyayar maganaɗisu ta gaba da ta baya ba sa taɓa ninkin daidai. Abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne ƙirgen hasken birki gangare ne mai santsi, yana raguwa da sauri yayin da kuzari ke hawa. Kowa zai iya auna nasa gangaren, ya ɗaga dokin ƙofa da kashi 1 ya ga nawa ƙirge ya faɗi. A ce ya faɗi da kashi 5. To ninki in ya bambanta da kashi 0.4 kacal tsakanin gaba da baya, ƙirge zai bambanta da kashi 2, wato bambancin ƙarya na kashi 1, daidai girman na gaskiya. Duk wanda ya ce ya ga karyewar madubi da irin wannan na'ura, tambayar farko da za a yi masa ita ce ina shaidar cewa bututunsa bai ji maganaɗisu ba.

Gyaran ya ci mana lokaci fiye da awon kansa. Mun raba kiristal da bututun, muka sa sandar fasfeks mai santimita 30 a tsakani tana kai haske, da man haɗa gilashi a baki biyu, aka naɗe ta da farin tef sannan baƙi. Ana asarar haske, tsinin siziyam, wato inda bugunsa ke taruwa a sikelin kuzari, da ke da faɗin kashi 7 cikin 100 yana ƙara faɗi, amma awon nan bai damu da kaifin tsini ba. Bututun ya shiga riga biyu, miyu-metal (ƙarfe na musamman mai tare maganaɗisu) a ciki, bututun ƙarfe mai laushi a waje, da rata tsakaninsu. Miyu-metal kaɗai yana saurin ƙoshi, in ya ƙoshi kuma ya tashi daga aiki. Rigar dole ta zarce fuskar bututun da aƙalla faɗinsa ɗaya, don ta baki maganaɗisu ke shiga. Kada a lanƙwasa miyu-metal ko a yar da shi ƙasa, bugu yana kashe shi.

Sannan gwaji uku na tabbatarwa. Na farko, a cire sitironshiyam a ajiye ƙaramin siziyam a gefen kiristal, a yi ta juya wuta ana duba tsakiyar tsininsa. Da ƙirge dubu ɗari a kowane hannu ana ganin motsin da bai kai kashi biyu cikin dubu goma ba, kuma mun ci gaba da gyara riga har motsin ya ɓace. Na biyu, a sa kobalt-60 a gurbin tushe. Gamma ɗinsa, masu MeV 1.17 da 1.33, ba su da fifikon hannu in ba a haɗa su da elektron ɗinsu ba, kuma bayan karo suna sauka a wajen 0.56, tsakiyar tagarmu. Dole bambanci ya zama sifili. Siziyam bai dace da wannan ba, nasa yana sauka a 0.40, kan dokin ƙofa. Sai dai kobalt tudu yake bayarwa ba gangare ba, bai cika jin motsin ninki ba, shi ya sa ba ya maye gurbin gwajin farko. Na uku shi ne wanda muka fi yarda da shi, a yi awon a amfiya 2 sannan a amfiya 3. Ƙarfe ya riga ya kusa ƙoshi, don haka na gaskiya kaɗan zai ƙaru, tsiyayar kuwa tana ƙaruwa sosai bayan ƙoshi. Bambancin da ya bi amfiya na ƙarya ne, wanda ya bi bugun ƙaramin koyil shi ne namu. A awon ƙarshe wani abokin aiki ya sauya wayoyin koyil ko bai sauya ba, ya rubuta a takarda ya rufe, mai lissafi bai buɗe ba sai da ya gama.

Saura alkibla, inda ake yawan tuntuɓe. Bambanci kaɗai ya nuna madubi ya karye, amma cewa hagu ce ba dama ba sai an bi sarƙar a hankali. Foton bahago juyinsa yana kallon baya, wajen tushe. Karo ya fi yawa in juyin elektron ɗin ƙarfe ya saɓa masa, wato yana kallon gaba. Elektron cajinsa na ragi ne, don haka maganaɗisunsa kishiyar juyinsa yake kallo. Ke nan ƙirge zai fi yawa lokacin da maganaɗisun bangon ciki ke kallon tushe. Kamfas ɗin duba alƙibla yana taimakawa, amma in ka ɗora shi a kan bututun waje zai ba ka amsa a juye, don a can maganaɗisun komawa yake yi. Mun gwada ne tun kafin a rufe, bututun ciki da koyil kaɗai da 'yar wuta kaɗan: bakin da kan arewa na allura ke gudu daga gare shi, nan maganaɗisu ke kallo. Muka shafa jan fenti a wannan baki da kan wayar da ta karɓi tarawa.

Bayan duk wannan, ƙirge ya fi yawa in maganaɗisu na kallon tushe. Bambancin ya zauna ƙasa da rufi, ya ninka kuskurensa sau da yawa, ya ƙaru a saman taga fiye da ƙasanta, bai bi amfiya ba, kobalt kuma ya tsaya a sifili iya kuskurensa. Watsuwar rukunonin ta yi daidai da abin da ƙidaya ta ce, alamar babu wani zamewa a ɓoye. Elektron ɗin rikiɗar beta bahago ne, kuma ganin haka a kan tebur, da ƙarfen Suwame da koyil ɗin injin nika, abu ne da ke sa mutum ya yi shiru.

Abin da na'urar nan ba za ta iya ba shi ne faɗin ko fifikon hagun ya cika daidai da gudun elektron, yadda ka'idar Feynman da Gell-Mann da ta Sudarshan da Marshak ta tanada. Tsakanin elektron da ƙirge akwai kai-komo a dalma da karo biyu-biyu a ƙarfe, waɗanda sai an kwaikwaye su a kwamfuta da manhaja irin Geant4, kuma ko an yi, kuskuren zai kai kashi goma ko fiye. Masu neman ko akwai ɗan ɓurɓushin dama a ɓoye suna aiki ne a kashi ɗaya cikin dubu, da niyutron masu sanyi a Grenoble ta Faransa da Los Alamos ta Amurka, da atam ɗin da aka kama da hasken leza a TRIUMF ta Kanada, da gajerun cibiyoyi a ISOLDE ta CERN.

Ƙarfen namu yana da sauran aiki. In aka sa siririn robar walƙiya a bayan tushen kobalt-60, aka ƙirga gamma ɗin da ya zo lokaci ɗaya da elektron ɗinsa kaɗai, fifikon hannu yana bayyana, sulusin gudun elektron ɗin, kuma alamarsa tana bin kusurwar da ke tsakaninsu. Sodiyam-22, mai fitar da fositron maimakon elektron, yana ba da sulusi ɗin amma da kishiyar alama, domin fositron na dama ne. Bambancin ba zai kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙirgen haɗuwa kuma kaɗan ne, don haka lissafinmu na makonni ne ba na dare ɗaya ba. Kuma bututun ninka haske zai zama biyu, na biyun a wajen tushe, shi ma da sandar fasfeks ɗinsa da rigunansa biyu da gwajinsa na siziyam.